Kyautar da Ciyaman Ya Yi wa Arɗo

Tun da kuka zo koyon aikin nan nake jin ku kuna cewa sauya na'ura ba wani abu ba ne, wai a kwafe a nan a zuba a can. Jiya ma na ji ɗayanku yana cika baki cewa in shi ne, kafin shayi ya huce ya gama. Madalla da gwani. Ni Bukar, da gemuna ya yi fari a gaban akwatunan nan, ban taɓa ganin sauyin da aka gama kafin shayi ya huce ba, sai dai wanda aka manta da shayin gaba ɗaya. Ku kife wayoyin nan ku saurara, in ba ku labarin yadda muka sauya na'urorin ƙungiyar manoman rani ana tsakiyar tsinkar tumatir.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Malam Tijjani, can cikin birni, shara ne. A da shi mai gyaran tafireta ne, da kwamfuta ta shigo ya bi ta. Na daɗe ina shara da kai saƙo kafin ya yarda in taɓa sukundireba. Ranar da ya yarda, ya ajiye mini wata tsohuwar na'ura ya ce in kwance ta kakaf, in jera kusoshin a tire yadda suka fito, in mayar. Na mayar, ya kunna, ya kara kunnensa a jikinta, ya ce fankar tana kuka. Ni ban ji komai ba. Ya ce to in sake kwancewa har sai na ji. Haka ya yi ta wana ni, yana zaune yana cin goro, har kunnena ya buɗe. Wani abin da ya koya mini shi ne, duk kwafin da aka ajiye sai an gwada mayar da shi an ga ya tashi, in ba haka ba shi bai san da zamansa ba. Kowace Asabar sai ya sa ni mayar da kwafi a wata na'urar banza, ina yi ina ƙunƙuni.

Jakar nan da kuke yi wa dariya, ita nake ratayawa tun lokacin. Akwai sukundireba manya da ƙanana, da filaya, da mitar gwada wuta, da burushin fenti mai laushi, da abin hura iska, da tsumma, da tef. Za ku ce me mai kula da rumbun bayanai zai yi da burushin fenti. To ku je Kura lokacin casar shinkafa ku buɗe bayan na'ura ku gani. Ƙaiƙayi ne yake shiga ya toshe mata hanci har ta riƙa haki. Ga tsaka mai son ɗumi, ga zanzaro da yake ganin ramin fanka ya ce ya samu fili kyauta ya fara gini. A takarda ba a koya muku wannan, na sani, don na duba takardun naku.

Na'urorin ƙungiya guda uku ne, ɗaya a Kura, ɗaya a Bunkure, ɗaya a Kadawa, an haɗa su da rediyo a kan dogayen ƙarafa. Aikinsu ɗaya. Manomi ya tsinki tumatir, ya gaya wa wakilin sashensa, wakili ya shigar ta waya, na'ura ta ba shi mota da lamba. Da wannan lambar direba yake zuwa gona, da ita kuma yake shiga ƙofar kamfanin da muke kai wa kaya ba tare da ya kwana a layi ba. A cikin ukun, ɗaya ce jagora, ita ake rubuta wa komai, sauran biyun suna kwafa a bayanta. In jagora ta faɗi, biyun da suka rage su haɗa baki su ɗora ɗaya. Amma guda ɗaya ita kaɗai ba ta naɗa kanta, ko za a kwana ana roƙonta, domin ba ta san ko 'yan'uwanta suna can suna aiki ita ce aka yanke ba. Wannan taurin kan nata da gangan aka gina shi, kuma shi ne ya kusa kashe ni.

Manoma kuwa akwatin Bukar suke kiran abin duka. In mota ta zo da wuri, Allah ya yi wa ƙungiya albarka. In ta makara, akwatin Bukar ne. Akwai wanda ya taɓa tare ni a kasuwa yana tambaya ko akwatin zai iya gaya masa ranar da farashi zai tashi. Na ce da yana iyawa da ba ka gan ni a kan wannan babur ɗin ba. Wata tsohuwa kuma ta aiko da ƙwaryar tumatir, wai a ajiye kusa da shi ya san ta. Na karɓa na gode, muka yi miya.

Shugaban ƙungiya a lokacin shi ne Alhaji Ɗanlami, kowa Ciyaman yake ce masa. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin mai sakin hannu irinsa ba. Ɗabi'arsa ita ce, duk ranar da sabon abu ya shiga gidansa, tsohon ba ya kwana. Ya ɗinka riga, tsohuwar ta tafi wajen mai gadi. Ya sayi babur, tsohon ya tafi wajen ladan. Mutanenmu suna yaba wannan, ni ma ina yabawa, don hular da ke kaina tasa ce.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan shekarar tsutsa, wadda ta cinye tumatir tun yana fure ta bar mutane da kara. Kowa ya shigo ranin nan da rauni. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai Malam Inuwa, wani dattijo mai gona a can ƙarshen magudana ta ɓangaren Bunkure, inda ruwa yake isa a gajiye. Ya gaya mini da bakinsa cewa in wannan tumatir ɗin bai fita lafiya ba, rabin gonar zai bayar jingina. Allah kuwa ya ba shi amfani mai kyau, jajir, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Shi irin mutanen nan ne da ba sa sa hannu a tumatir sai wakili ya ce musu akwai mota. Ya yarda da akwatin fiye da yadda ni na yarda da shi.

Ana cikin haka na'urar Kadawa ta mutu. Zafi da gidan zanzaro suka haɗu suka ƙone ta, na buɗe na ji ƙauri na san babu sauran magana. Muka rage da biyu. Sababbin da ƙungiya ta daɗe da yin odarsu kuma sai a lokacin suka iso, daidai tsakiyar tsinka, kamar da gayya. Abokiyar aikina, Malama Hauwa, wadda take zaune a ofishin Kura, ta ce mu bari a gama tsinka kafin mu taɓa komai. Ita ta fi ni sanin cikin rumbun nesa ba kusa ba, ni na fi ta sanin ƙarfe da waya, shi ya sa muke shiri. Na ce mata tsayuwa da biyu tana ba ni tsoro, in ɗaya ta yi tari mun shiga uku. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa za a bi su ɗaya bayan ɗaya. A fara da Kadawa, sabuwar ta kwafe komai ta cika, ta shiga sahu. Sannan a kunna sabuwar Bunkure kusa da tsohuwar, ita ma ta kwafe, a miƙa mata jagoranci, sai a kashe tsohuwar. Kura ta zo ƙarshe. Babu tsohuwar da za a taɓa sai magajiyarta ta ƙoshi.

Na kai sabuwar Bunkure na ɗora ta kusa da tsohuwar, na jona mata wuta don ta ɗan yi kwanaki tana gwaji. Fitilunta suna ta ƙyaftawa, kore da shuɗi, gwanin sha'awa, amma cikinta babu komai ko sunan mutum ɗaya. Tsohuwar kuwa, mai tsatsa a gefe da tef a murfi, ita ce jagora, domin a lokacin tsinka a Bunkure aka fi shigar da kaya. Na ja kunnen akawun ofis cewa kada a taɓa komai. Na koma Kadawa na zauna gadin sabuwar can, tana jan kwafi ta rediyo a hankali kamar mai tsotsar kunu da tsinke.

Wata rana da hantsi Malama Hauwa ta buga mini waya ta ce Bunkure ta ɓace. Na ce wuta ce, inbata mai juya wutar batir ce ta yi halinta. Ta ce ta kira akawu bai ɗauka ba, kuma Kura ta ƙi karɓar jagoranci, wakilai suna ta kira wai waya tana ce musu a jira. Na hau babur na bi gefen magudana. A hanya ina ta lissafin abin da zan tarar, ko batir, ko ɓera ya ci waya, ko iska ta juya rediyo.

Da na shiga ɗakin na'ura a ofishin Bunkure, sabuwar tana nan tana ƙyafta ido. Kusa da ita kuwa babu komai sai shatin inda tsohuwar ta zauna, da wayoyi suna reto. Na juyo na ga akawu a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru. Da ƙyar ya buɗe baki ya ba ni labari. Wai da safe Ciyaman ya yi zama da Arɗo Buba, shugaban Fulanin rugar da ke bayan magudana, a kan hanyar da shanu za su riƙa bi su sha ruwa ba tare da sun shiga gonaki ba. Maganar nan ta daɗe tana ja, har an kusa ba hammata iska a bara, sai ranar aka daidaita. Ciyaman, cikin farin ciki, ya zaga da baƙonsa ofis. Arɗo ya ambata cewa ɗansa yana karatu a birni, kullum yana damunsa da maganar kwamfuta. Ciyaman ya duba, ga sabuwa tana walƙiya, ga tsohuwa da tef. Nan take ya ce a cire tsohuwar a ɗaura wa Arɗo a babur. Na tambayi akawu me ya hana shi magana. Ya ce a gaban baƙo zai ce wa Ciyaman a'a? Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da ni ne a tsaye a wurin ban san yadda zan yi ba.

Na kira Malama Hauwa na gaya mata. Ta yi salati, sannan ta faɗi abin da ya fi muni. Rediyon da ke tsakanin Bunkure da Kura ya yi ta yankewa tun asuba, saboda haka duk wanda ya tsinka da safen nan, sunansa da lambar motarsa suna cikin tsohuwar kaɗai, ba su ƙarasa Kura ba. Ta ce za ta iya tilasta wa Kura ta yi jagoranci, amma za ta tashi ne ba ta san an yi tsinka yau ba, ta sake raba motocin da aka riga aka raba, gona ɗaya mota biyu, wata gonar babu. Na tambayi akawu ko Malam Inuwa yana cikin masu tsinkar yau. Ya ce tun da duku-duku ya ɗebi 'yan aiki, wakili ya ce masa akwai mota, ya tsinke gonar kusan duka. Na leƙa waje na dubi rana. Tumatir ɗin da aka tsinka aka danna a kwando, in rana irin wannan ta dake shi yini guda, na ƙasa ruwa yake zama.

Na samu Ciyaman a ƙofar gidansa yana alwala. Na yi masa bayani a hankali, don ba a yi wa irinsa tsawa. Da ya gane abin da ya faru, sai ya ajiye butar. Na ce sai dai ya aika a karɓo.

"Bukar, kana so in aika a karɓo kyautar da na yi da bakina, a gaban mutane, ranar da muka yi sulhu? Gobe a ce Ɗanlami ya ba Arɗo abu da safe ya ƙwace da rana? Wallahi maganar hanyar shanun nan a yau za ta warware."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Can sai ya ɗago ya ƙura mini ido, na ga bakinsa yana motsi kamar mai son yin dariya a gidan makoki.

"Wai kai ba Babarbare ba ne?"

Kakana daga Borno ya zo, ko kalma goma ta Barbarci ban iya ba, amma a wajen wasa wannan ba ya hana komai. Tsakanin Barebari da Fulani kun san yadda ake. Babarbare ya shiga ruga ya ɗauki abin da ya ga dama ya ce kayan bawansa ne, a yi dariya, babu mai jin haushi. Abin da Ciyaman ba zai iya aikawa a karɓo ba, ni ina iya zuwa in ƙwace da wasa, kuma ba a ce ƙungiya ce ta karɓe ba. Na ce to, na ji, amma in aka kore ni da sanda shi zai biya kuɗin magani.

Na isa rugar bayan azahar. Tun daga nesa na ga maruƙa a warwatse ana ta kamo su. Ashe ɗan Arɗo ya zo hutu, har ya jona na'urar da ƙaramin janareto. Ku da kuka saba da kwamfutar cinya ba ku san kukan irin wannan ba in ta tashi, fankokinta gaba ɗaya suke ɗauka kamar jirgi zai bar ƙasa. Maruƙa suka tsinke igiya, kaji suka haye bukka, uwargidan Arɗo ta ce a fitar mata da wannan masifa. Na tarar da na'urar a gindin wata bishiya, an lulluɓe ta da tabarma, an ɗora ƙwarya biyu a kai. Na yi hamdala a zuci da na ga ba a buɗe ta ba.

Na yi sallama da ƙarfi na ce ina bawana Buba, ubangidansa ya zo karɓar haraji. Arɗo ya fito yana gyara rawani, dogo siriri, ya dube ni sama da ƙasa ya ce yau kuma wace yunwa ce ta koro Barebari daga tafki. Aka shimfiɗa tabarma. Aka kawo fura da nono a ƙwarya mai sanyi. Ni hankalina yana kan rana, amma wasa yana da ƙa'idarsa, ba a shiga da gudu. In na nuna akwatin tun ban zauna ba, ya tashi daga wasa ya koma aike, kuma kowa zai gane wanda ya aiko ni. Saboda haka na zauna na sha. Ya ce Barebari ba su san nono ba sai a hannun iyayen gidansu. Na ce Fulani ba su san gari ba sai mun riƙe musu hannu. Ya tambayi lafiyar kakannina masu cin kifi, na tambayi lafiyar saniyar da ta fi shi wayo. Mutanen ruga suka taru suna ta dariya, ni ina dariya ina kallon inuwar bishiya tana tsawo.

Da na ga an yi mai isa, na miƙe na yaye tabarmar na ce wannan ya yi mini, na ɗauka, bawa ba ya riƙe abin da ubangidansa ba shi da shi. Arɗo ya ce in ajiye, ai kyautar manya ce, Babarbare ko a mafarki ba a yi masa irinta. Na ja, ya ja. Na ce zan bar masa hulata, ya ce hular ma ai ta aro ce. Shi yana jin daɗin wasan, yana so a kai la'asar ana yi. Wayata kuwa tana ta rawa a aljihu, na san Malama Hauwa ce. Sai na matsa kusa da shi, na rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Arɗo, wasa a gefe. Tumatir ɗin mutane yana cikin akwatin nan. Wanda aka tsinka yau da safe, duk yana bakin gona a rana, mota ba za ta je ba sai abin da ke cikinsa ya koma."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tambaye ni har da na Inuwa na ƙarshen ruwa, don a gefen gonarsa shanunsu suke wucewa, sun ga yadda ta yi kyau. Na ce har da shi. Ya shafa gemu.

"Akwatin ba zai bar nan ba," in ji shi. "In aka gan shi a bayan babur ɗinka yana komawa, ka san abin da za a ce, kuma ba kai za a zaga ba. Abin da kake nema, ba ya fita ya bar akwatin?"

Na ce yana fita. Faya-fayan ajiya ne, suna zarowa ta gaba kamar aljihun tebur. Ya juya ya ɗaga murya don jama'a su ji, ya ce ku dubi Babarbare, an hana shi saniya ya ce a bar shi da kayan ciki, ku bar shi ya ɗiba, yunwa ce. Aka sake fashewa da dariya. Na durƙusa na zaro su ɗaya bayan ɗaya, ina manna wa kowanne tef ina sa masa alamar ramin da ya fito, don in aka rikita jerinsu an gama. Na naɗe su a tsumma na sa a jaka. Ɗan Arɗo ya tsaya yana kallona da fuskar tausayi, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan kawo masa wasu faya-fayan in kuma rage mata kuka. Na cika wannan alkawarin daga baya.

A hanyar komawa ban taɓa tuƙa babur a hankali irin na ranar ba, ga sauri ina yi, ga tsoron rami. Na tarar Malama Hauwa ta taso daga Kura tana jirana. Faya-fayan tsohuwar ba sa shiga ramukan sabuwar, sai da muka jona su ta waje da wayoyi, suna kwance a kan tsumma kamar marasa lafiya. Sannan ga wata matsalar. An fizge wa tsohuwar wuta tana tsakiyar rubutu, saboda haka sai rumbun ya bi abin da ya rubuta daki-daki ya tantance wanda ya kammala da wanda ya yanke. Wannan ba a sa masa hannu, ba a gaggauta shi. Na ce wa Malama Hauwa ko akwai dabarar da za a tsallake, ta harare ni ta ce in je in yi la'asar. Direbobi sun cika harabar ofis, wakilai suna ta kira, Ciyaman yana zaga ɗakin yana tambaya ko a sayo wa na'urar wani abu. Muka ce ya sayo mana ruwan sanyi.

Gab da magariba rumbun ya tashi. Malama Hauwa ta duba, sunayen safe duk suna nan da lambobinsu. Ta bar Kura ta kwafe su tukuna, biyun suka ga juna suka daidaita, sannan ta buɗe wa wakilai. Motoci suka fita a jere. Sauran aikin sauyin kuwa, a cikin satin muka ƙarasa shi ɗaya bayan ɗaya yadda muka tsara tun farko, ko manomi ɗaya bai san an yi ba. Abin da na ƙara a tsarin shi ne fenti. Kowace na'ura na rubuta mata a murfi da manyan baƙaƙe cewa ba a kyauta da ita sai Bukar ya sa hannu. Ciyaman ya karanta ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya ji.

Gonakin da ke kusa da titi duk an kwashe nasu a daren. Amma hanyar gonar Malam Inuwa ta kan gaɓar magudana take, siririya, babbar mota ba ta bin ta da duhu. Sai da gari ya waye direban ya tafi, ni kuma na shiga gaba na bi shi.

Tun kafin mu tsaya na ji warin. Kwandunan suna jere a bakin gona, an rufa musu ganye, ƙasan kowanne ya jiƙe ya yi ja, ƙudaje sun taru. Malam Inuwa da iyalinsa suna zaune da wuƙaƙe, suna zaɓar wanda bai gama lalacewa ba suna tsagawa suna shanyawa a ƙasa, ko a samu na kauɗa. Wanda ya rage mai kyau muka juye muka loda, bai kai rabin mota ba. Na tsuguna kusa da shi na fara yi masa bayanin abin da ya faru, na'ura uku, da kyauta, da ruga. Ya ɗaga mini hannu da wuƙar a ciki, ya ce in bar shi, ya riga ya ji, har wasan da muka yi da Arɗo an ba shi labari, an ce na iya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Ya ci gaba da tsaga tumatir ɗinsa, can ya ce rabin gonar dai ta tafi, ya riga ya yi magana da wanda zai karɓa.

Da direba ya tayar da mota, na miƙe zan tafi, sai ya kira ni.

"Injiniya, in Allah ya kai mu wata tsinkar, wa zan tambaya kafin in sa hannu? Kai ko akwatin?"

Na ce ni. Ya miƙo mini wayarsa da hannu duk ruwan tumatir, na sa masa lambata. Har yau rabin gonar tana hannun wani, albasa ake shukawa a ciki. Shi kuma duk ranar da zai tsinki rabin da ya rage, ko wakili ya ce masa akwai mota, ba ya taɓa ko ɗaya sai ya kira ni bayan sallar asuba ya tambaya ko komai yana nan inda na bar shi. Ni kuma ba na amsa masa sai na tashi na duba.